Haruffan Littafin Waya: Yadda Bell Centennial Ya Hana Siraran Layuka Ɓacewa a Ɗab'i

A tsakiyar shekarun 1970 kamfanin waya na Amurka, AT&T, ya sami kansa cikin wata matsala da ba ta shafi waya ko turakunta ba. A littafin lambobin waya take, kundin nan mai kauri da ake rabawa gida-gida a wancan zamani, mai ɗauke da sunan duk wanda ke da waya a gari da adireshinsa da lambarsa. Miliyoyin kwafe ake bugawa duk shekara, a takarda mai araha irin ta jarida, a injin da ke gudu ba ji ba gani. Haruffan ciki ne suka fara lalacewa. A wani shafin siraran layukan harafi sun tsinke, sai ka ga rubutu kamar gara ta ci. A wani shafin kuma tawada ta cike cikin haruffan, 3 ta koma kamar 8, 5 ta koma kamar 6. Maganin da aka samo shi ne sabon salon haruffa mai suna Bell Centennial.

Sai mutum ya san ƙanƙantar abin kafin ya gane girman matsalar. Masu ɗab'i suna auna haruffa da poyint, kuma poyint ɗaya kusan kashi ɗaya ne cikin 72 na inci. Littafin waya na lokacin da poyint 6 ake buga shi, wato milimita 2 da ɗan ɗoriya. Wannan ma tsawon gurbin harafin ne gaba ɗaya, har da filin da aka bar wa kan "h" a sama da wutsiyar "g" a ƙasa. Ƙaramin harafi irin "e" bai wuce milimita guda da 'yan kai ba, kuma a cikin wannan ɗan fili ake son layuka uku a kwance da farin fili biyu a tsakaninsu. Kaurin kowane layi bai kai rubu'in milimita ba. Abin da ido ba zai kula da shi ba a allon talla, a nan shi ke raba harafi da ɗigon baƙi.

Kuma kuskure a littafin waya ya fi kuskure a littafin labari tsada. Idan harafi ɗaya ya dushe a cikin jimla, mai karatu zai cike gurbin da kansa, don sauran kalmomin sun gaya masa abin da ake nufi. Lambar waya ba ta da maƙwabcin da zai yi mata shaida. Idan ka karanta 3 a matsayin 8, gidan wani ka buga wa.

Salon haruffan da ake amfani da shi a lokacin sunansa Bell Gothic. Chauncey H. Griffith na kamfanin Mergenthaler Linotype ne ya zana shi, ya fara aiki a 1938. Griffith ba baƙo ba ne a harkar takarda mai shan tawada, don shi ne ya fitar da Excelsior a 1931 saboda jaridu. Bell Gothic ya yi kusan shekara arba'in yana aiki lafiya, kuma babu abin da ya canja a zanensa. Abin da ya canja shi ne hanyar da harafin ke bi kafin ya isa takarda.

A zamanin Griffith injin Linotype yana zuba layin rubutu ne da narkakkiyar dalma. Harafin yana fitowa a tudu, a shafa tawada a fuskarsa, a danna shi kan takarda da ƙarfi. Wannan dannawar tana matse tawadar ta fita gefe-gefe, saboda haka layin da ya bayyana a takarda ya fi wanda ke jikin ƙarfen kauri. Duk mai zana haruffa na wancan zamani ya san haka, kuma yana rage kaurin zanensa da gangan don ya bar wa matsewar wuri. Siririn layin Bell Gothic ba a zana shi don a gan shi a yadda yake ba. An zana shi ne da sanin cewa injin zai ƙara masa nama.

Da aka shiga shekarun 1970 sai aka bar dalma. Aka koma tsara shafi da wata na'ura mai bututun haske irin na tsohuwar talabijin: harafin yana ajiye a matsayin ɗige-ɗige, haske ya zana shi a fuskar bututun, ya faɗa kan fim ko takardar hoto. Daga nan a ɗauke shi zuwa farantin ɗab'i, a buga da injin ofset, inda tawada ke tashi daga faranti zuwa bargon roba, daga bargon zuwa takarda. Babu tudu, babu dannawa irin ta da. A kowane mataki kuma harafin yana barin wani abu a baya. Haske yana cinye kusurwa ya mayar da ita kumbo, wankin fim yana rage siririn layi, ƙarin naman da matsewar dalma ke bayarwa kuma ya tafi. Nau'in Bell Gothic mara kauri, wanda ake buga adireshi da shi, shi ya fi shan wahala, musamman a inda layi ke haɗuwa da layi.

Masu injin suka yi abin da ke hannunsu, suka ƙara tawada. Siraran layukan suka dawo, amma garin gyaran gira aka rasa ido. Tawadar da ta ceci layin adireshi ita ce ta toshe cikin "a" da "e" da "s" na sunaye masu kauri, ta rufe bakin 6 da 9. Ga kuɗin tawada ya ƙaru, ga tsayar da inji a kai a kai don a wanke. A aikin da ake buga miliyoyi, tsayuwar inji ba ƙaramar asara ba ce.

A ganina wannan shi ne wurin da ya fi cancantar a tsaya a duba a duk labarin. Tsinkewar siririn layi da toshewar cikin harafi ba cuta biyu ba ce, cuta ɗaya ce mai fuska biyu. Mai inji maɓalli ɗaya gare shi, na ƙara tawada ko rage ta, kuma duk inda ya murɗa shi ɗaya fuskar ce za ta fito. Ba zai iya ba siririn layi tawada ya hana kusurwar da ke kusa da shi ba. Wanda zai iya raba wannan gardama shi ne mai zana harafin, don shi kaɗai ke da ikon cewa nan a ƙara, nan a rage, a cikin fili ɗaya da bai kai ƙwayar gero ba.

Linotype ya ɗora aikin zana sabon salon da zai maye gurbin Bell Gothic a kan Matthew Carter, a ƙarƙashin sashen da Mike Parker ke jagoranta. An haifi Carter a Landan a 1937, mahaifinsa Harry Carter masanin tarihin haruffa ne. Tun yana saurayi ya je maɗaba'ar Enschedé da ke Haarlem a ƙasar Holan ya koyi sassaƙa harafi a kan sandar ƙarfe da hannu, sana'ar da ta riga ta kusa mutuwa a lokacin. Mai wannan sana'a ba ya zana harafi babba sannan ya rage shi. A ainihin girmansa yake sassaƙa shi, da zarto da 'yar kurfi. Idan yana son ganin inda ya kai, sai ya kara bakin ƙarfen a harshen kyandir ya yi baƙi da hayaƙi, ya dangwala a kan kati, ya duba, ya koma ya ɗan goge. Wanda ya taso a haka ya saba da cewa abin da ya fito a kati shi ne harafin, ba abin da ke cikin kansa ba. Aikin ya ɗauki shekaru, aka kammala a 1978, aka sa masa suna Bell Centennial saboda bikin cika shekara ɗari, ana lissafi daga 1876 da Alexander Graham Bell ya sami rajistar ƙirƙirar wayar tarho.

Matakin farko a bayyane yake: ya ƙara wa layukan kauri, yadda ko mafi sirantar gaɓa a harafi za ta tsallake haske da fim da faranti ta isa takarda da ranta ba tare da an yi mata ambaliyar tawada ba. Amma kauri yana cin fili, filin kuma daga farin da ke cikin harafi ake ɗebo shi. Don haka sai ya buɗe haruffan. Bakin "c" da "e" da "s" da "a", wanda a Bell Gothic yake lanƙwasowa ciki kamar zai rufe, ya gajarta shi ya miƙar da shi waje. Wutsiyar 6 da ta 9 ya hana su naɗewa. Ya sa 3 da 5 suka yi nesa da kamannin 8 da 6, yadda ko tawada ta yi musu yawa ba za a ɗauki ɗaya a madadin ɗaya ba.

Sai abin da ya sa sunan wannan salo ya zagaya duniya, wato tarkon tawada. Ka ɗauki harafin M ko N ko W ko K. A inda layuka biyu suka haɗu suka yi kusurwa mai tsini, farin da ke tsakaninsu yana tsukewa har ya ƙare. Tawada tana bazuwa daga layin dama, tana bazuwa daga na hagu, a wannan matsatsin suke karo, su cike shi. Sakamakon shi ne dunƙulen baƙi a kowace mahaɗa, harafin ya yi kamar mai kumburin gwiwa. Carter sai ya yanke wani ɗan rami a daidai kusurwar, ya shiga cikin naman harafin. Idan tawada ta bazu, ramin take cikewa, kusurwar kuma ta fito da tsininta. Idan ka ƙara girman Bell Centennial a fuskar kwamfuta za ka ga haruffa masu ban dariya, duk mahaɗa a tsage kamar an sassare su da gatari. A poyint 6, a takardar littafin waya, ba ka ganin tsaga ko ɗaya. Kamar tela ne da ya san yadin zai tsuke in an wanke, ya bar masa rara tun a wajen yanka: rigar da ke kan tebur ba ta yi daidai ba, wadda ta fito daga wanki ita ce daidai.

Ba Carter ne ya ƙirƙiro wannan dabara ba, masu sassaƙa ƙarfe sun daɗe suna zurfafa kusurwa. Abin da ya yi shi ne kai ta maƙura, da kuma auna ta da injin da zai yi aikin. Tunda na'urar tsara shafin ɗige-ɗige take gani, bai zana harafi da santsin layi ya bar wa wani ya mayar da shi ɗigo ba. A takarda mai gida-gida ya tsara haruffan, gida ɗaya ɗigo ɗaya, yana yanke hukuncin wanne za a cike wanne za a bari. A wannan girma ɗigo guda yana iya zama bambancin layin da ya rayu da wanda ya tsinke. Gwajin kuma ba a takarda mai sheƙi ta ofis aka yi shi ba. Sai an buga a irin injin da irin takardar da za a yi aikin da su, a duba, a dawo a gyara.

Akwai kuma lissafin kuɗi, wanda shi ya sa kamfani ya saurara. Ƙara kauri yakan sa harafi ya yi faɗi, faɗi kuma yana nufin ƙarin shafuka. Carter ya raba aikin gida huɗu maimakon biyu na Bell Gothic. Na suna da lamba ya yi kauri da faɗi, don shi ido ke nema. Na adireshi ya tsuke sosai, ya biya bashin filin da na suna ya ci, har da rara. Akwai na manyan baƙaƙe zalla mai kauri don 'yan kasuwar da suka biya a fito da sunansu, da wani na ƙarin bayani a ƙarƙashinsa. Tsukewar adireshi ta rage yawan mutanen da bayaninsu ke tsallakawa layi na biyu. Layi ɗaya ba komai ba ne, amma idan aka tara shi a shafi dubu, a gari ɗari, takarda ce mai yawa.

A 2011 gidan adana kayan fasahar zamani na New York, MoMA, ya saka Bell Centennial cikin salon haruffa 23 da ya karɓa a taskarsa. Yau kuma tarkon tawada ya zama ado. Za ka ga sababbin salo da tsaga a kowace kusurwa, an yi su don manyan kanun rubutu a fuskar waya, inda babu tawada balle ta bazu. Ban ce haramun ba ne, wasu ma suna da kyau. Amma wanda ya kwafi tsagar ya bar gwajin inji, ƙyallin ya ɗauka ya bar aikin.

Littafin waya misali ne na ƙarshen wahala, kuma haruffansa ba su da siraran layuka irin na gaske. Salon da aka san shi da layi kamar gashi shi ne na Giambattista Bodoni a Parma ta Italiya da na gidan Didot a Faris, daga ƙarshen ƙarni na 18. Su ma ba a banza suka kai ga wannan sirantar ba, sai da takarda ta yi santsi, tawada da injin suka inganta. Kuma kowane girma daban suke sassaƙa shi. Ƙaramin Bodoni na ƙarfe siririn layinsa yana da ɗan kauri idan aka gwada da jikinsa, babban ne ke da gashin nan mai ɗaukar ido. Na'urar sassaƙa da Linn Boyd Benton ya yi wa rajista a 1885 ta buɗe ƙofar a yi zane ɗaya a fitar da girma da yawa daga gare shi, tsara shafi da hoto da kwamfuta kuma suka mayar da hakan al'ada.

Ga abin da zane ɗaya ke jawowa. A ce an raba gurbin harafi gida 1000, siririn layin ya ci gida 20. A poyint 72 kaurinsa poyint 1.44 ne, kusan rabin milimita, ba abin da zai same shi. A poyint 12 ya koma 0.24, wato daidai bakin iyakar rubu'in poyint da yawancin maɗaba'u ke gargaɗin kada a yi ƙasa da ita. A poyint 6 ya zama 0.12. Firinta mai ɗigo 600 a inci, ɗigonta guda poyint 0.12 ne cif. Ma'ana layin nan ɗigo ɗaya ne tak, kuma ya danganta da inda ya faɗo a kan layin ɗigogin: ko ya fito ɗaya, ko ya zama biyu ya ninka kauri, ko hodar firinta ta kasa kama shi ya fito a tsintsinke. Na'urar yin faranti mai ɗigo 2400 za ta ba shi ɗigo huɗu, ta zana shi daidai, amma daidai ɗin milimita 0.04 ne, sauran kuma ya rage ga takarda.

Irin wannan matsala tana cikin PostScript ma, harshen da kwamfuta ke bayyana wa firinta shafi da shi. Idan aka ce kaurin layi sifili ne, na'ura tana fahimtar a zana mafi sirantar layin da za ta iya. A firintar ofis mai ɗigo 300 layin zai fito sarai, kusan rubu'in poyint, mai aiki ya duba ya sa hannu. A na'urar faranti layin nan zai ragu sau takwas, ya zama abin da ido ba ya gani. Gwajin ya yi kyau, aikin ya lalace, kuma babu wanda ya taɓa fayil ɗin.

Maganin da masu zane suka komo gare shi shi ne na masu sassaƙa: kowane girma da zanensa. ITC Bodoni, sabon zubin salon Bodoni da ya fito a 1994 ƙarƙashin jagorancin Sumner Stone zubi uku ne, na poyint 6 da na 12 da na 72, kuma idan ka jera su a girma ɗaya za ka rantse ba dangi ba ne. Tsarin fayil ɗin haruffa na kwamfuta mai suna OpenType, a sabon fitowarsa ta 2016, ya ba da damar a saka wannan sauyi cikin fayil ɗaya, siririn layi ya riƙa ƙara kauri da kansa yayin da harafi ke ƙanƙancewa. Wasu sun bi ta wata hanyar, suka kalli injin maimakon girman. Masanin kwamfuta Donald Knuth ya sa wa manhajarsa ta zana haruffa, Metafont, wani ma'auni na ƙara baƙi, wanda ake saitawa daban ga kowace firinta, don wata tana cin layi wata tana ƙara shi. Salon Poynter da aka yi wa jaridun Amurka a shekarun 1990 ya zo da matakan kauri huɗu masu faɗi ɗaya, yadda jarida za ta zaɓi wanda ya dace da injinta ba tare da layi ko ɗaya ya motsa a shafi ba. Wannan ya fi kusa da tunanin Carter: ba a tambayar ko harafin ya yi kyau, ana tambayar a wane inji, a wace takarda.

Akwai inda zanen harafi ba ya ceto, kuma nan ne aka fi yin ɓarna a yau. Littafin waya baƙar tawada ɗaya ce, cikakkiya, a kan farar takarda. Da zarar an ce rubutun ya zama ruwan toka ko wani launi mai haske, injin ofset ba ya sirka tawada, ɗige-ɗige yake yi. A takarda mai sheƙi ana yawan jera layin ɗigo 150 a inci, wato tazarar kusan rabin poyint tsakanin ɗigo da ɗigo. Layin da kaurinsa rubu'in poyint ne ya fi tazarar sirantaka, don haka zai fito kamar ɗinki, wani wurin akwai wani wurin babu. Idan kuma launin haɗin tawada biyu ko uku ne, kowace da farantinta, kaucewar faranti ɗaya da kaurin gashi ta isa ta sa layin ya fito biyu, ja a gefe shuɗi a gefe.

Farin rubutu a kan baƙi ya fi duka haɗari, don a nan lissafin juyawa yake. Bazuwar tawadar da ke ƙara wa baƙin layi kauri ita ce ke cin farin layi daga gefe biyu. Shi ya sa maɗaba'u ke neman farin layi ya kai kusan ninki biyu na iyakar baƙi, wajen rabin poyint. Idan baƙin bangon na haɗin tawada huɗu ne, farin harafin rami ne da dole faranti huɗu su bar shi a wuri ɗaya. Abin da masu shirya faranti ke yi shi ne su janye sauran launuka uku baya kaɗan daga bakin harafin, su bar baƙar tawada ita kaɗai ta zana iyakarsa, sannan a zaɓi nau'in harafin da ya ɗara wanda aka yi niyya kauri da mataki ɗaya.